Yatsun Ƙafar Dada

Wata biyu ke nan da rasuwar Dada, mahaifiyata. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an naɗe tabarmin tsakar gida, kowa ya koma harkarsa. Ni kuwa abin da ya ƙi barina shi ne wani labari da kakata ta saba ba mu muna yara. Ban yi karatu mai nisa ba, ban kuma saba rubutu mai tsawo ba, amma ina so in ajiye shi a takarda yadda na ji shi, tun ban fara manta wasu wuraren ba.

Ni ce 'yar fari a wurin Dada, saboda haka ana yaye ni aka kai ni hannun kakata, wadda muke kira Maama. Tana zaune a gidan Kawu Buba a Gwadabawa, nan Jimeta. Lokacin da na yi wayo zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne, komai na gwamnati sai an je Maiduguri, Kawu kuma direba ne, ya fi kwana a hanya da kwana a gida. Gidan sai ya zama na mata da yara: Maama, matar Kawu, 'ya'yansu biyu, Dija da Hamman, sai ni. Dada tana gidan aurenta, layi uku tsakaninmu. Takan leƙo da yamma ta gaishe da uwarta, ta tambayi lafiyar kowa da sunansa, ni kuma ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ba ƙiyayya ba ce. Haka al'adar take, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Na san haka tun ina ƙarama, amma saninsa bai hana ni kallon bayanta idan za ta fita ba.

Sana'ar Maama man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lokacin sanyi, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura ice biyu cikin murhu, ta jawo buhun gyaɗa kusa da wutar, ta ajiye wa kowannenmu ƙwarya. Dokarta guda ce: hannu yana ɓara, baki yana labari. Da ta ji ƙarar ɓawo ta ragu sai ta yi shiru tana kallon wuta, har sai mun ci gaba. Hamman ya iya sata, yakan jefa ɗaya a ƙwarya ɗaya a baki, ita kuwa ba ta ko ɗaga kai za ta ce masa ta ji wadda ba ta faɗa ƙwarya ba.

Tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, an yi shimfiɗa." Tana da na kura da na 'yar sarkin ruwa da na makiyayin da saniyarsa ke magana. Amma wanda muke roƙo, wanda Dija ke yi wa alkawarin ɓare ƙwarya biyu, shi ne labarin Nas Saratu. Maama ba ta bayar da shi kullum. Kuma na lura, tun kafin in gane dalili, ta fi bayar da shi ranar da Dada take gidan.

Ga yadda yake.

Kafin a ba mu mulkin kai, a wata damina da Binuwai ya cika har manyan jiragen ruwa suka iso Jimeta, wata budurwa ta sauko daga jirgi da akwatin ƙarfe guda. 'Yar wani ƙauye ce a ƙetaren kogi, gaba da Girei. Ta yi makarantar mishan, daga nan aka tura ta Kudu, daga Kudu ta tsallaka har Ingila ta koyo aikin jinya da karɓar haihuwa. Maama takan tsaya a nan ta kwatanta ta: doguwa, baƙa wuluk, farar riga, farar hula kamar an ɗora mata kurciya a ka, da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Mutanen bakin kogi suka bar abin da suke yi suna kallo, don ba su taɓa ganin wannan hular a kan baƙar mace ba. An ce a can Ingila ma ta sha kallo. Akwai marasa lafiyar da suka ƙi ta taɓa su, akwai yaron da ya goga hannunta da tsumma don ya ga ko baƙin zai fita. Duk ta haɗiye, ta ci jarrabawa, ta dawo gida da takardar shaida iri ɗaya da ta kowace Baturiya.

Aka kai ta asibiti, ɓangaren mata. Mai riƙe da wurin wata Baturiya ce, mutanen gari suna ce mata Sista Mai Makullai, saboda tarin makullan da ke rataye a ɗamararta, ana jin tahowarta kafin a gan ta. Ta karɓi takardar Saratu ta juya gaba ta juya baya, ta jefa a aljihun tebur, ta miƙa mata bokiti. Aikin da ta ba ta shi ne wanke fo da zannuwan gado da goge ƙasa. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke yarinya". Ɗakin haihuwa yana da gado ɗaya da kabad na kayan aiki, kullum da kwaɗo a ƙofarsa, kuma doka ce baƙin hannu ba ya buɗe shi. Ɗakin da ma'aikata Turawa ke shan shayi ma ba ta shiga. An ba ta wani kofin gwangwani, aka kafa masa ƙusa a bango ta waje, a nan take tsayawa ta sha nata.

"Da ni ce," in ji Dija kowane lokaci, "da na kifa mata bokitin a ka."

"Shi ya sa ba ke ba ce," Maama ta ce. "Ɓara."

Shekara guda tana wannan aikin. Sai ga wata tsohuwa mai taurin kai daga cikin Yola ta kawo 'yarta, haihuwar fari, kwana biyu tana naƙuda a gida, ungozoma ta yi iyakar yinta ta ce a tafi asibiti.

A nan ne mukan yi tsalle mu ce, "Ke ce, Maama. Ke ce tsohuwar."

"Ni? Ban san ta ba. Na dai ji ana labarinta."

Kowa a gidan ya san tsohuwar ita ce, yarinyar Dada ce, abin da ke cikin kuma ni ce. Nakan gyara zama in ɗaga kai. Dada kuwa, idan tana nan, tana gefe tana tsintar shinkafa ko tana taya matar Kawu wanke-wanke. Da labari ya iso nan sai ta miƙe ta ce ta bar wani abu a kan wuta a gida, ta yafa gyalenta ta fita.

Kafin su baro gida, tsohuwar ta ja 'yarta gefe ta yi mata gargaɗin da uwarta ta yi mata ita ma: 'yar mutunci ba ta kuka a kan gwiwa. Ko nishi mai ƙarfi abin kunya ne, za a yi ta faɗa a dangin miji har jikoki. Balle a gaban baƙi, balle a gaban Nasara. Yarinyar ta ce to.

Ita kuwa Sista tana da hanyarta ta aiki, wadda ta koyo a wasu garuruwan da ta zauna. Tunda gadon haihuwa ɗaya ne, da kunne take zaɓa. Wadda ta fi ihu ita ce ta fi kusa, ita za a buɗe wa ɗaki. Wadda ta yi shiru da sauranta. Da safe ta zagayo da mai yi mata tafinta, ta tsaya a kan yarinyar, ta ga fuska lumui, ido a rufe, an ja zane har ƙasa. Ta ce a tambaye ta yaya jiki. Kafin yarinyar ta buɗe baki uwar ta amsa mata: "Jam." Wato lafiya. Aka sake tambaya ko akwai ciwo. Uwar ta ce, "Jam tan," lafiya lau. Sista ta rubuta a takarda, ta wuce. Da rana ta take ta rufe ɗakin haihuwa, ta tafi gidanta a bariki cin abinci da hutu, ba za ta dawo ba sai ƙarfe huɗu.

Idan Maama ta zo nan takan rage murya, mu ma hannunmu ya rage sauri, kuma wannan ne kaɗai wurin da ba ta cewa mu ɓara.

Saratu ta shigo da bokitinta tana goge ƙasa, gado bayan gado. Da ta iso ƙarshen gadon yarinyar, tana durƙushe, sai idonta ya faɗa kan bakin zanen. Ta ajiye tsumma, ta ɗaga zanen kaɗan. Yatsun ƙafar yarinyar duk sun dunƙule sun kama ƙarfen gadon, har farcen babban yatsa ya tsage yana jini. Fuska tana cewa lafiya, ƙafa tana faɗin wani abu dabam. Saratu ta tashi cikin Fulani, da su ta yi wasan ƙasa, ta san wannan shirun. Ta kuma san yarinyar ba za ta ce uffan ba muddin uwarta na zaune. Sai ta juya ta gaishe da tsohuwar da Fulatanci mai kyau, har da durƙusawa, ta roƙe ta ta je bayan asibiti, inda masu jinya ke girki, ta ɗora ruwan zafi.

"Ta aike ni kamar yarinya," Maama takan ce, ta manta ba ita ba ce. Mu yi ta dariya.

Da tsohuwar ta fita, Saratu ta sunkuya ta ce wa yarinyar ba kowa, daga ita sai Allah. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Zan mutu." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Saratu ta wanke hannu ta shafa cikin, ta gane ɗan bai juyo da kai ba, da ƙafa yake tahowa, kuma lokaci ya riga ya yi.

Ta kwasa da gudu zuwa bariki, cikin rana, da farar hularta. Baƙin mutum ta ƙofar baya yake shiga gidan Bature, ya tsaya wajen kuku har a kira shi. Ita ta hau matakalar gaba ta buga ƙofa. Sista ta fito da cokali a hannu. Saratu ta gaya mata abin da ta gani, ta roƙe ta ta zo, ko ta ba ta makulli. Sista ta tambaya ko yarinyar tana kuka. Ta ce a'a. Sista ta ce to ta koma kan bokitinta, ƙarfe huɗu za a duba, kuma za su yi maganar wannan ƙofar da ta buga.

Saratu ta dawo tana haki ta tarar da tsohuwar tsaye da tukunyar ruwa. Ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Inna, 'yarki ba za ta kai la'asar ba. Abin da zan cece ta da shi yana bayan wannan ƙofar. In na fasa, aikina ya ƙare. Zan fasa. Ki nemo mini abu mai nauyi."

Tsohuwar ta dubi ƙofar, ta dubi gadon da ƙafar 'yarta ke waje yanzu kowa na gani. Ta ajiye tukunya, ta koma wurin girki, ta fizge taɓarya daga hannun wata mata da ke daka, ta dawo. Saratu ta miƙa hannu za ta karɓa. Tsohuwar ta ce mata ta matsa, hannun da zai karɓi haihuwa ba ya daka.

To, nan ne wurinmu. Hamman yakan tashi ya ɗauko taɓaryar gidan, mu kuma mu ƙirga da ƙarfi. Ɗaya, kwaɗo ya yi tsalle ya dawo. Biyu, katako ya tsage. Uku, ƙofa ta wangale har ta bugi bango. Maama takan ce shekara talatin tana dakan gero, ba ta san abin da ake koya mata ba sai ranar. Matar Kawu tana daga ɗaki tana cewa a ajiye mata taɓarya kafin a fasa mata turmi.

Matan ɗakin, masu jinya da masu ciki, suka taru suka ɗauki yarinyar zuwa gadon haihuwa. Saratu ta buɗe kabad, ta fitar da kayan da shekara guda tana wankewa ba a bari ta yi aiki da su ba. Ta ce wa tsohuwar ta tsaya a waje. Ta ce wa yarinyar, "Yanzu ki yi ihu in kina so. In an tambaya, ni ce na yi." Maama ta rantse har ta bar duniya ba ta ji komai ba daga bakin ƙofa, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata ta.

Ƙafafu suka fara fitowa, sai jiki, sai kai ya tsaya, ga cibiya ta naɗe wuya. Yadda ta yi ta warware, Maama ba ta gani ba, saboda haka ba ta ƙara gishiri a nan. Abin da ta sani shi ne an ɗauki lokaci ba motsi, ta leƙa ta ga jaririya a hannun Saratu, shiru, jiki ya saki. Ta ga ta share mata baki, ta murza bayanta, ta hura mata iska, ta sake murzawa. Sai kuka.

"Kuma tun ranar ba ta rufe baki ba," in ji Hamman, yana nuna ni. "Mai zuwa duniya da ƙafa, kamar za ta kasuwa." Nakan jefe shi da ɓawon gyaɗa, amma daɗi nake ji.

Ƙarfe huɗu aka ji makullai. Sista ta ga ƙofa a karye, ta ga uwa da 'ya suna barci. A gaban kowa ta sa hannu ta cire hular daga kan Saratu, ta ce gobe babban likita zai zo, za a kore ta, kuma za a rubuta takardar da ba asibitin da zai sake ɗaukarta.

Washegari da hantsi likitan ya zo, shi ma Bature, aka ajiye masa kujera a baranda. Sista ta faɗi nata. Saratu tana tsaye kai ba hula, ba ta musa komai ba. Ana shirin rufe magana sai tsohuwar ta taso daga cikin mata. Ku tuna, macen da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ga maza, ga tafinta, ga Turawa. Ta ce a gaya masa ita ta fasa ƙofa, ga hannunta, ga taɓaryar. Ta ce a gaya masa ita ta hana 'yarta kuka tun daga gida. Sannan ta ce, "Da aka tambaye ni, na ce jam. Ƙarya na yi. Na fi jin tsoron bakin mutane da mutuwar 'yata. Wannan yarinyar ce ba ta yarda da ni ba."

Duk sauran labarin Maama tana yinsa da wasa, da kwaikwayon tafiyar Sista da muryar tafinta. Wannan maganar kuwa a miƙe take faɗinta, tana kallon ƙofar da Dada ta fita.

Likitan ya tambayi Saratu yadda ta gane, tunda yarinyar ba ta yi ko tari ba. Ta ce in ya yarda ya shigo ta nuna masa. Mata huɗu ne ke jiran haihuwa ranar. Ɗaya matar wani ɗan kasuwa ce, tun asuba take kiran uwarta da ubanta da duk waliyyan da ta sani. Likita ya tambayi Sista da wa za ta fara, ta nuna ta. Saratu ta bi gadajen tana naɗe zane daga ƙafar kowace, tana dubawa, tana shafa ciki. Ta tsaya a kan wata siririya da aka ƙetaro da ita daga Girei a kwalekwale, tana zaune shiru kamar mai jiran mota. Ta ce wannan kafin azahar, waccan mai kukan kuwa sai gobe. Likitan ya ciro agogonsa ya ajiye a gwiwa, ya ce zai jira.

Asibiti ya tsaya cak. Masu shara sun jingina tsintsiya, masu girki sun bar tukwane, kowa ido a kan ƙofar da aka ɗaure da igiya. Matar ɗan kasuwa ma, in ji Maama, ta rage ihu don ta ji yadda za a ƙare. Ladan bai kai ga kiran azahar ba sai ga kukan jariri. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har marasa lafiyar ɓangaren maza suna leƙowa ta taga. Mu ma a bakin murhu mukan yi tamu guɗar, har matar maƙwabci ta tambaya ta kan katanga ko an yi haihuwa ne.

Likitan ya karɓi hular daga hannun Sista ya miƙa wa Saratu. Ya ce a gyara ƙofa, a yanka makulli na biyu a ba ta. Ba duka aka gyara ba. Kofinta ya ci gaba da zama a ƙusa, Sista kuma har ta bar ƙasar ba ta kira sunanta ba. Amma an sha ganinta, idan tana zagayen safe, ta tsaya a ƙarshen gado ta ɗaga zane ta dubi ƙafa, ta waiga ko wani ya gan ta. Da aka samu mulkin kai Turawan suka tafi, Saratu ta zama shugabar ɓangaren. Ranar farko ta cire kofin gwangwanin daga ƙusa, ta shiga ɗakin shayi ta ajiye shi a tsakiyar kofunan tangaran, kuma da shi ta ci gaba da sha. Ta kafa doka biyu: ba a rufe ƙafar mai naƙuda, kuma ba a tambayarta jiki a gaban uwarta.

Ranar suna Maama ta aika wa mahaifina cewa tana roƙon abu ɗaya: a raɗa mini sunan nas ɗin. Wasu a danginsa sun yi gunaguni, wai matar ba musulma ba ce. Shi ya ce sunan ai na kowa ne. Haka na zama Saratu.

Maama takan rufe da cewa, "Baƙuwa ta tashi, ku raka ta da ƙwaryarku." Mu juye gyaɗar a buhu, ta auna da ido wa ya yi ha'inci, kafin a kira isha'i an kashe wuta.

Sau ɗaya na ga Nas Saratu. Ina da shekara goma sha biyu, ƙaya ta karye mini a dunduniya ta kumbura, Maama ta kai ni. Na yi zaton zan ga doguwar nan ta labari. Sai na ga mace mai jiki, da furfura a gefen hula, tana faɗa da wani ma'aikaci a kan zannuwan da ba su bushe ba. Maama ta ce mata ga takwararta. Ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta juya ta, ta yi dariya ta ce, "Waɗannan na fara gani. Har yanzu su ke ja miki." Ta cire ƙayar ina ihu, ba wanda ya hana ni.

Maama ta rasu ina goyon ɗana na biyu. Nas Saratu ma ta daɗe da rasuwa. Labarin ya zama nawa, na ba 'ya'yana, na ba jikokina, kuma kullum wurin taɓarya nake ƙawatawa, don nan ne yara ke so. A ganina labarin jarumta ne: mace ta tsaya, an raina ta saboda fatarta, ta fasa ƙofa, ta ci nasara. Haka ne kuwa, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Bayan rasuwar mahaifina na ɗauko Dada ta dawo wurina a unguwar Shagari Low Cost. Shekara shida muna gida ɗaya. Ba ta canza ba. Idan tana nemana sai ta ce wa jikokina su kira uwar gidan nan. Bara ta fara rage cin abinci, ta fara sallah a zaune. Kullum da safe nakan leƙa in ce, "Dada, yaya jiki?" Ta ce, "Jam." In ce Alhamdu lillahi, in tafi harkokina. Wata biyar muna haka. Ni da na haddace labarin nan kamar Fatiha, ni da aka raɗa wa sunan matar, ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar amsar da Sista ta karɓa.

Wata ranar Laraba na shiga in ɗauki kwanon kununta, na ga ba ta taɓa ba. Tana kwance, fuska lumui, ido a rufe, zane har ƙasa. Na sunkuya zan ɗauki kwanon, idona ya faɗa kan bakin zanen. Ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Yatsun sun dunƙule sun kama bakin katifa.

Na kori jikokin, na rufe ƙofa, na ce mata ba kowa. Sai ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikinta na dama, ta ce tun kafin azumi.

A asibiti suka ce abin ya yi nisa, da an zo da wuri da an gwada wani abu. Ba ƙofar da za a fasa. Sun ba ta maganin rage ciwo, muka dawo gida, ta yi sati bakwai. Ban sake tambayarta jiki ba. Nakan zauna a ƙarshen gado in ɗora ƙafafunta a cinyata, in na ga sun fara dunƙulewa in ba ta magani, in shafa su da man gyaɗa mai ɗumi har su saki. Ba mu yi wata doguwar magana ba, ba halinta ba ne. Sau ɗaya dai, ina shafawa, ta ce ba tare da ta buɗe ido ba, "Ranar nan na yi ihu. Maama ta ji." Na ce na sani. Ta ce, "Ba ta taɓa faɗa ba." Har ta cika ba ta kira sunana ba, amma ba ta janye ƙafarta daga hannuna ba ko sau ɗaya. Ranar da ta rasu yatsun a miƙe suke.

Yanzu na gane dalilin da Maama ke zaɓar ranar da Dada take gidan. Ba mu take ba labarin ba. Ba ta da wata hanyar da za ta ce wa 'yarta ta yafe mata, sai ta bakin wata tsohuwa da ta ce ba ta sani ba. Na kuma gane aikin Nas Saratu bai fara daga ƙofa ba. Ya fara tun tana durƙushe da tsumma a inda aka ajiye ta don a wulaƙanta ta, daga nan ta hango abin da mai tsaye da makullai ba ta iya gani.

Jiya da magariba jikokina suka kewaye ni suna so in ba su na taɓarya. Ƙaramar har ta riga ta ɗauko muciya ta riƙe. Na ce baƙuwa tana bakin zaure, suka ce ta shigo. Na ba su tun daga jirgin ruwa. Da na iso wurin da Nas Saratu ta ajiye tsumma ta ɗaga zane, na tsaya. Suka ce in ci gaba, an kusa fasa ƙofa. Na ce za a fasa, amma su dakata tukuna, kowa ya gaya mini abin da ta gani.